Abin Da Ba Shi Da Taga, Wa Za Mu Tambaya Girmansa?

Rubutun wannan mako na masu haɗa manhajar kwamfuta ne, musamman mu da muka fara da Visual Basic 6.

A Windows, maɓalli ko akwatin rubutu yawanci taga ce mai lambarta, wadda ake kira HWND. Ka miƙa lambar ga GetWindowRect, nan take ka san faɗi da tsawo. Amma a 1996 Microsoft ta fito da tsarin kayan ActiveX marasa taga, don a rage wa kwamfuta nauyi. Label da Image da Shape na VB6 ma ba su da taga. Windows ba ta san da zamansu ba. Kamar baƙo ne: mai unguwa bai san shi ba, mai masaukinsa ne ya san ɗakin da ya sauka.

Da yawanmu idan muka nemi lambar muka rasa, sai mu kintaci girman da ido mu rubuta, aiki ya wuce. A ganinmu wannan ha'inci ne, domin hanya tana nan. Abin da kansa yana faɗin girmansa ta GetExtent na IOleObject. Sai dai ba da fiksel yake amsawa ba, da ma'aunin HIMETRIC ne, inda inci ɗaya yake 2540. A allo mai ɗigo 96 a inci, 2540 ɗin fiksel 96 ne. Idan mai kwamfuta ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 150, ya koma 144. Wanda ya kafe 96 a lissafinsa, ranar nan rubutunsa zai fito a guntule, kuma shi ba zai gani ba, tunda a allonsa komai lafiya.

Sannan GetExtent girma kawai yake bayarwa. Wurin da abin yake zaune, mai masaukin ne ya yanka masa ta SetObjectRects, don haka shi za a tambaya.

Wani zai ce wannan tsohon yayi ne. To, amma tsofaffin manhajoji ba su daina aiki a ofisoshi ba, kuma akwai makafi da ke amfani da manhajar karanta allo irin NVDA. Abin da ba shi da taga, idan wanda ya gina shi bai sa ya bayyana sunansa da wurinsa ta IAccessible ba, manhajar ba ta da abin da za ta karanta. Maɓallin yana nan a kan allo, makaho kuwa zai wuce shi bai san akwai shi ba.