Latti laifin talaka ne kawai?

A ƙasar nan mutum biyu za su makara rana ɗaya, a zane ɗaya, a tafa wa ɗaya. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya ke nan, kuma na san kai ma yana ci maka, sai dai mun saba, mun haɗiye.

Bi ta ƙofar makarantar gwamnati da misalin ƙarfe takwas. Ga yara nan a durƙushe, wasu na tsallen kwaɗo, wasu na tsintar leda. Yarinyar da sai da ta ɗebo ruwa ta wanke kwanuka kafin ta tako kilomita biyu da ƙafa, ita ce za ta miƙa hannu ta sha bulala don ta yi latti da minti goma. Malamin da ke riƙe da bulalar kuwa, wata ya mutu, wani ya kama har ya yi nisa, wayarsa ba ta yi ƙarar shigowar albashi ba. To wa zai sa masu biyan albashin tsallen kwaɗo?

Latti, wannan kalma da ta shigo mana tare da ƙararrawar boko da rajistar ofis, tana da waɗanda take hawa kansu: ɗalibi, masinja, direba, mai gadi. Ka taɓa jin an ce Mai Girma ya yi latti? Allah ya kiyaye. Shi uzuri ne ya riƙe shi.

Ka san irin taron. Kati ya ce ƙarfe goma na safe daidai, har da ja wa "daidai" layi. Ka zo goma saura, ka tarar ana kafa rumfa, mai lasifika na gwada na'urarsa. Sha ɗaya, an jera 'yan makaranta a rana da 'yan tutoci a hannu. Sha biyu, mai gabatarwa ya ce, "Jama'a a ƙara haƙuri, Mai Girma yana hanya." Wace hanya? Gidansa ga shi can, ana hango katangar! A kira azahar, a yi salla, a dawo, ruwan leda ya yi zafi, wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a ɗauke ta. Sai wajen ƙarfe biyu ka ji jiniya. Kowa ya miƙe, maroƙa su ɓarke da kirari, mai gabatarwa ya shiga godiya: "Ranka ya daɗe, mun gode da ka samu lokaci duk da ɗimbin ayyukan da ke gabanka." Mu da muka bar shago da gona da asibiti ashe ba mu da aikin yi. Sannan ya karɓi makirufo ya yi wa matasa huɗuba a kan ladabi da riƙon amana, ya tashi kafin a kai rabin taron, domin akwai wasu bayin Allah da ya shanya a wani wurin tun safe.

Kada wani ya zo min da zancen "lokacin Afirka", wai haka jininmu yake. Ƙarya ce. Mutumin da ke zaune da dabino a hannu yana ƙirga sakan kafin a kira magariba da azumi, shi ne bai san lokaci ba? Wa ya taɓa makara ganawar neman biza? Ranar jarrabawar JAMB uba da kansa yake kai ɗa tun da duku-duku. Gidan kallon ƙwallo cika yake kafin alƙali ya busa. Ɗaurin aure ma, sau nawa ka iso kan lokaci aka ce maka ai an shafa fatiha? Mun san agogo sarai. Abin da muke yi shi ne auna mutum: wanda muke tsoro ko muke neman wani abu a wurinsa, mu riga shi zuwa, wanda muka raina, ya jira. Makara a nan ma'aunin girma ce, shi ya sa har ƙaramin shugaban sashe sai ya bari ɗaki ya cika kafin ya shigo yana gyara hula.

Abin dariya, lokaci-lokaci sai ka ji wani gwamna ya yi sammako ya kulle ƙofar sakatariya, ma'aikata na leƙe ta waje, 'yan jarida na ɗaukar hoto. Washegari shi ɗin zai bar sarakuna da dattawa a rumfa awa huɗu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

A watan Janairun 2018 wani ministan Birtaniya, Lord Bates, ya makara 'yan mintuna zuwa amsa tambaya a majalisar dattawansu. Ya miƙe ya ce kunya ta kama shi, ya ajiye aiki, ya fice. Sai da Firaminista Theresa May ta ƙi karɓar murabus ɗin. A nan da an ce a kai shi ruƙiyya. A Kwaddibuwa kuma, a 2007, abin ya kai har gasa aka shirya, aka ba ma'aikacin da ya fi kowa kiyaye lokaci kyautar gida sukutum.

Da a taro abin ya tsaya da sauƙi. Tuna daren 16 ga Fabrairun 2019. Mutane sun kashe kuɗin mota sun tafi garuruwansu, an ɗaga bukukuwa, an rufe shaguna, saura 'yan awanni a buɗe rumfunan zaɓe, sai ga sanarwar INEC cikin dare cewa an ɗage sai 23 ga wata, kayan aiki ba su isa ba. Shekara huɗu aka yi da sanin zaɓen na tafe. A 2011 ma har an fara jefa ƙuri'ar 'yan majalisa a wasu wurare aka ce a dakata. Amma kai ka je rumfa bayan an rufe layi ka gani ko za a saurare ka. An ƙidaya mu a 2006, aka sa wata ƙidayar a 2023, aka ɗage. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta tun 1979 ake cewa ya kusa. Tsohon da ya yi shekara 35 yana sa hannu a rajista kafin a ja jan layi, ga shi can a benci da fayil a hammata yana jiran garatuti, wani ma sai magada su karɓa, in sun dace.

Mu ma na ƙasa mun koya. Tela ya rantse maka jibi, daren Salla ka tarar da shaddarka ko almakashi bai taɓa ta ba. "Ga ni nan a shataletale," alhali yana neman soso zai shiga wanka. Mai biki ya rubuta ƙarfe huɗu yana nufin shida, baƙi sun gane sun zo takwas, wanda ya zo huɗun kuma shi ne wawa, shi zai taya jera kujeru a ce ya cika zaƙewa. Ka yi magana a ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, wani jinkirin alheri ne. Je ka faɗa wa mai naƙudar da ke kan benci tana jiran likitan da ke "hanya".

Ni dai ina jiran in ga mai shirya taron da zai yi ta maza ya fara ƙarfe goman da ya rubuta, a bar doguwar kujerar nan ta gaba wayam, a yi jawabai, a yi addu'a, a watse. In Mai Girma ya iso ƙarfe biyu da jiniyarsa, ya gaisa da masu kwance rumfa.