Tauraro a kujerar baya

1/ Jama'a, bidiyon nan da kuke ta yaɗawa na taurarin Amurka suna ihu cikin jirgin Blue Angels, kuna cewa "kai, burgewa", ku tsaya mu yi magana.

2/ Blue Angels tawagar wasan jirage ce ta sojan ruwan Amurka, Admiral Chester Nimitz ya sa aka kafa ta a 1946. Aikinta tallata rundunar da jawo matasa su shiga soja. Jirginsu mai lamba 7 kujera biyu gare shi. A ta baya ake ɗora ɗan fim ko ɗan ƙwallo, a wujijjiga shi a sama, wani har ya suma, a saki bidiyon.

3/ Glen Powell na Top Gun: Maverick yana cikin waɗanda suka shirya musu fim a 2024. A 2023 kuwa rundunar ta kasa samun adadin sababbin sojojin da take nema. Ku haɗa lissafin.

4/ Jirgin kansa fa? F/A-18 ne, an shafa masa shuɗi da rawaya, an cire bindigar an sa tankin hayaƙi. Irinsa ne ya yi ruwan bama-bamai a Yaman a 2024.

5/ Za ku ce ai matuƙan gwanaye ne. Wallahi gwanaye ne, ban musa ba. Amma tauraro ya sauka, ya yi amai, ya ɗau hoto, ya tafi gida. Yaro ɗan shekara 18 da ya kalla ya je ya sa hannu, shi za a tura teku wata da watanni, kuma a bidiyon ba wanda ya faɗa masa haka.