Dogon Mutum Ɗaya Ba Ya Ɗauko Kofi

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan ƙwallon kwando na Amurka, wato gasar NBA, wadda yanzu samarinmu suke raba dare suna kallo a waya da gidajen kallo, da safe kuma su cika bakin kasuwa da gardama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura duk gardamarsu a kan suna ce. Wane ya fi wane tsawo, wane ya fi wane zura ƙwallo. Har akwai masu ɗaukar ɗan jarin da suka tara su kai caca saboda sunan ɗan wasa guda, abin da addini ya hana, hankali ma bai yarda da shi ba.

Ga wanda bai sani ba, kowace ƙungiya tana buga wasa 82 a kaka. Yau ka kara da wannan, jibi da wancan, ba wanda yake da lokacin zama ya karance ka. Amma in aka shiga zagayen fitar da gwani, ƙungiya ɗaya za ka yi ta karawa da ita har sai wani ya ci wasa 4 cikin 7. To a nan ne ake wankan da ba a ɓoye cibi. Kamar mai saye ne da ya zo rumfarka sau bakwai a jere, dole ya gane mudunka da inda kake sassauta farashi.

Mu ɗauki ƙungiyar Milwaukee Bucks. Gwaninsu Giannis Antetokounmpo an haife shi a Girka a 1994, amma iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma yana yaro ya yi tallar agogo da jakunkuna a titi, saboda haka mu 'yan tireda muna jin sa a jika. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 11. A kakar da ta ƙare a 2019 sun ci wasa 60, sun fi kowa, aka kuma ba shi kyautar gwarzon shekara. Salon wasansu a fili yake: a miƙa wa Giannis ƙwallo ya taho da gudu kamar bijimi ya kutsa har gindin kwando, sauran su baje a gefe suna jiran jifa daga nesa mai maki 3. Wata shida wannan dabara tana ci.

Sai suka haɗu da Toronto ta ƙasar Kanada a wasan da zai kai mutum ga na ƙarshe. Milwaukee ta ci biyun farko, kowa ya ce an gama. Daga wasa na uku Toronto ta ɗora Kawhi Leonard a kan Giannis, wasu dogaye kuma suka riƙa jeruwa a bayansa kamar katanga. In ya taho ya tarar da mutum uku, in ya miƙa wa na gefe su jefa ta ƙi shiga, shi kuma jifan nesa ba fanninsa ba ne. Toronto ta ci huɗu a jere. A 2020 ma haka aka yi, sun sake fin kowa cin wasa, ya sake zama gwarzo, Miami ta gina masa irin wannan katanga ta kore su da ci 4 da 1.

Wanda ya haɗa waccan Toronto kuwa, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. A 2018 ƙungiyarsa ta ci wasa 59, amma Cleveland ta share su 4 da babu. Bai tsaya yana lissafin wasa 59 ba. Ya sallami kocin, Dwane Casey, a shekarar da aka zaɓe shi kocin da ya fi kowa, ya kuma ba da DeMar DeRozan da mutanen gari suke ƙauna ya karɓo Kawhi, daga baya ya ƙaro Marc Gasol, dogo mai tsare gida. An zage shi ba kaɗan ba. A 2019 suka ɗauki kofi, na farko a tarihin ƙungiyar.

Milwaukee ita ma ta ɗauki darasi. A ƙarshen 2020 ta biya tsada ta ɗauko Jrue Holiday daga New Orleans, mutumin da ba ya cikin waɗanda samari suke rubuta sunansu a bayan riga. Aikinsa ya maƙale wa gwanin abokan hamayya ya hana shi sakat, in ta ɓaci kuma ya riƙe ƙwallo ya tsara wasa. Suka ƙaro P.J. Tucker da Bobby Portis, masu aikin wahala. Shi kansa Giannis ya rage tahowa daga nesa, ya koma kusa da kwando, in lokaci ya ƙure a bar wa Khris Middleton jifa. A wasan ƙarshe na 2021 Phoenix ta ci biyun farko, Milwaukee ta ci huɗu a jere. Kowa yana tuna maki 50 da Giannis ya ci a wasa na shida. Ni abin da nake tunawa shi ne wasa na biyar, saura daƙiƙu kaɗan, Holiday ya fizge ƙwallo daga hannun Devin Booker ya cilla wa Giannis sama. Rabon garin da kofi tun 1971, shekara 50 cif.

Ban ce babu sa'a a ciki ba. Da suka kara da Brooklyn a wannan shekarar, Kyrie Irving da James Harden duk sun ji ciwo, kuma da yatsan ƙafar Kevin Durant bai taka layi ba a wasa na bakwai, da wani labarin ake yi. Amma ruwan sama ma gonar da aka yi wa huɗa yake amfana.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni takaici. A 2023 Miami ta sake fitar da su tun zagayen farko, sai masu ƙungiyar suka ruɗe. Suka kori koci, suka ba da Holiday domin su samu Damian Lillard, babban suna, gwanin jifa daga nesa, amma ba a san shi da tsare gida ba. An sayar da saniyar huɗa an sayo dokin sallah. Holiday ya ƙare a Boston ya ɗauki kofi da su a 2024. Milwaukee kuwa Indiana ta fitar da ita a zagayen farko a 2024, ta sake fitar da ita a 2025. Masu kare su za su ce Giannis bai buga ba a 2024 saboda ciwo, Lillard ma jijiyar ƙafarsa ta tsinke a 2025. Gaskiya ne. To amma wa ya ce su zuba duk dukiyarsu a kan mutum biyu, har in ɗaya ya kwanta babu mai tashi ya riƙe? A watan Yuli na 2025 suka sallami Lillard, ga ragowar kuɗin kwantiraginsa a wuyansu.

Saboda haka ina kira ga samarinmu, musamman na tashar mota da 'yan acaɓa, idan watan Afrilu ya zo aka fara zagayen fitar da gwani, kafin ku buɗe baki ku tambayi kanku, wa zai tsare gwanin ɗaya ɓangaren, kuma in an toshe hanyar farko wa zai buɗe ta biyu? Iyaye kuma su sa ido a kan wayoyin yaran nan da dare. Kuɗin takin bana kada ya tafi a kan rigar wani mutumin Amurka.

Naku mai karatu a kullum,
daga Ƙaramar Hukumar Giwa, Jihar Kaduna.