Iyalan Mishan Da Aikin Ista A Ƙasashen Waje: Ina Riba, Ina Hasara?

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana zaune a Kudu, ko a Agege ne, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san yadda gari kan sake kama in Ista ta gabato. Ofisoshi da bankuna kan rufe ran Jumma'a da Litinin, tashoshin mota su cika maƙil da masu tafiya ganin gida, 'yan tumatir da masu kaji kuma su sami ciniki. To, a daidai wannan lokaci da kowa ke haramar komawa garinsu, akwai waɗansu iyalai 'yan Katolika da ba su da halin motsawa, don kuwa makon nan shi ne kakar aikinsu. Su ne ake kira iyalan mishan, watau miji da mata da 'ya'yansu waɗanda suka bar ƙasarsu ta haihuwa suka tafi wata ƙasa aikin addini. Da can in an ce ɗan mishan na Katolika, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne Fada da farar riga, ko Sista da lulluɓinta, dukkansu marasa aure. Yanzu al'amarin ya sake salo, ya kuwa kamata a bi diddiginsa.

Yadda lokacin yake

Kiristoci sun yi imani cewa an gicciye Yesu Almasihu ran Jumma'a, ya tashi daga matattu ran Lahadi, kuma wannan tashi ne suke tunawa da shi a Ista. Ranar ba tsayayya ba ce, da wata ake lissafinta, shi ya sa takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Kafin ta akwai azumin kwana 40 wanda ke somawa ran Larabar Toka, bayanta kuma akan ci gaba da biki har kwana 50, zuwa ranar Fentikos. A daren Asabar wayewar Lahadin Ista ne ake yi wa manyan mutanen da suka shiga addinin baftisma, bayan sun yi watanni, wani lokaci ma shekaru, suna ɗaukar darasi. Ke nan wannan dare a wurin ɗan mishan tamkar ranar sussuka yake ga manomi, nan ake ganin abin da damina ta yi.

Asalin maganar

Ran 21 ga Afrilu 1957, wadda ta dace da Lahadin Ista, Fafaroma Pius na 12 ya fitar da wata wasiƙa mai suna Fidei Donum, inda ya roƙi bishop-bishop na ƙasashen da ke da yalwar limamai su ba Afirka aro, ya kuma yi maganar taimakon da mabiya waɗanda ba limamai ba za su iya bayarwa. Babban taron Vatican na biyu da aka kammala cikin Disamba 1965 ya ƙara buɗe ƙofa, domin ya tabbatar cewa aikin mishan nauyi ne a kan kowane mabiyi.

Amma abin da ya fi tura al'amarin gaba shi ne ƙarancin limamai. Ƙididdigar fadar Vatican ta shekarar 2023 ce abin dubawa: 'yan Katolika a duniya sun kai kimanin miliyan 1,400, limamansu kuwa wajen 407,000 ne, watau Fada ɗaya ga mutum fiye da 3,000. Lissafin ma bai nuna ainihin matsalar ba, saboda rabon ba daidai yake ba. A Turai limamai suna tsufa suna raguwa, a Amurka ta Kudu kuma akwai ƙauyukan da sai su yi makonni ba su ga Fada ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dole aka waiwayi magidanta.

Misali daga Amurka

Cikin 1975 wani lauya ɗan garin Abbeville ta Jihar Louisiana, Frank Summers, da matarsa Genie, suka sayar da abin da suka mallaka, suka ɗauki ɗansu suka nufi tsibirin Tonga da ke tekun Pasifik. Sun yi shekaru masu yawa suna yawon aiki ƙasa ƙasa, iyali na ƙaruwa a hanya, kafin su kafa ƙungiyar Family Missions Company cikin 1997 don horad da waɗansu iyalai su bi sahunsu. Ɗaya daga cikin wuraren da ƙungiyar ta daɗe tana aiki shi ne garin General Cepeda a Jihar Coahuila, arewacin Meziko, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, ƙauyukanta a warwatse.

A irin wannan wuri, in Mako Mai Tsarki ya zo, Fada ba zai iya raba kansa ga kowane ƙauye ba. Sai iyalin su shiga mota su bi hanyar burji. Maigida ya karanta Littafi Mai Tsarki ya yi wa'azi, uwargida ta shiga gidaje wurin tsofaffi da marasa lafiya, yara kuma su tara yara 'yan uwansu da wasa da waƙa. Ran Jumma'a a zagaya ƙauye da gicciye ana tsayawa wuri 14 ana addu'a. Amma fa akwai iyaka. Dokar Katolika ba ta yarda wanda ba Fada ba ya yi Mas, watau babbar sujadarsu, ko ya saurari furcin zunubi. Sai dai yana iya kai wa jama'a gurasar da Fada ya riga ya tsarkake, in an ba shi izini. Saboda haka iyalin mishan rage wa Fada nauyi suke yi, kujerarsa kuwa tana nan babu kowa a kai.

Misali daga Turai

Ƙungiyar da ta fi kowace tura iyalai ita ce ta Neokatekumenal, wadda Kiko Argüello da Carmen Hernández suka fara cikin 1964 a wata unguwar matalauta ta bayan birnin Madrid. A ƙarshen Disamba 1988 Fafaroma John Paul na 2, wanda ya ziyarci Nijeriya a 1982 da 1998, ya sallami iyali 72 a garin Porto San Giorgio na Italiya. Cikin Janairu 2006 Fafaroma Benedict na 16 ya sallami kimanin 200. Sau da yawa ƙuri'a akan jefa don a san inda kowane iyali zai nufa. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu ba Afirka ko Asiya aka tura su ba, Turai ce, irin su tsohuwar Jamus ta Gabas da ƙasar Holan, inda majami'u suka zama kango. Maigida kan nemi aikin yi kamar kowane baƙo, yara su shiga makarantar gari, sa'an nan a mai da falon gida wurin taro. Mutanen wannan ƙungiya sun shahara da kwana a tsaye daren Ista, tun dare har asuba, da ƙananan yaransu.

Hikimar tura iyali ba a ɓoye take ba. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san gwauro a unguwar da ba tasa ba abin tuhuma ne, amma mai iyali nan da nan yakan sami maƙwabta. Mata kan haɗu a kasuwa da asibiti, yara kan koyi harshen gari kafin iyayensu, har su zama su ne tafinta. Ƙofar da ba za a buɗe wa Fada ba, sau da yawa yaro ne kan tura ta.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce yaran. Iyaye ne suka zaɓi wannan hanya, yaro kuwa an ɗauko shi ne kawai. Ana raba shi da kakanni da abokai, karatunsa na yankewa daga wannan harshe zuwa wancan, in ya girma kuma sai ya rasa ƙasar da zai kira tasa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Magidantan Arewa da suka haifi 'ya'ya a Legas ko Fatakwal, waɗanda Hausarsu ta cuɗe da Yarabanci ko Turancin buroka, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan.

Ta biyu, kuɗi. Yawancin iyalan nan ba su da albashi, da gudummawar 'yan uwa da masu taimako a gida suke rayuwa. Ranar da hannun can ya gaji, aikin nan ya tsaya.

Ta uku, saɓani da 'yan gida. A ƙasar Japan bishop-bishop sun koka cewa ƙungiyar Neokatekumenal tana raba kan mabiya, kuma ba ta kula da al'adun ƙasar. Har ta kai cikin Disamba 2010 suka nemi ta dakatad da aiki na shekara 5, amma fadar Vatican ba ta amince ba. Wannan ya nuna ko cikin addini ɗaya, baƙon da ya zo da tsarinsa a aljihu yana iya zama kaya.

Ta huɗu, gwamnatoci da tsaro. A Nikaragwa gwamnatin Daniel Ortega ta kori Sistocin ƙungiyar Mother Teresa cikin Yuli 2022, ta hana zagayen Ista a kan tituna a 2023, ta kuma yanke wa Bishop Rolando Álvarez ɗaurin shekara 26 kafin a fitar da shi zuwa Rum cikin Janairu 2024. Ƙasar Sin ta soma aiki da sababbin dokoki ran 1 ga Mayu 2025, waɗanda suka hana baƙi yin wa'azi ba tare da izini ba. A maƙwabciyar Nijeriya, Jamhuriyar Nijar, an sace Fada Pier Luigi Maccalli ɗan Italiya a ƙauyen Bomoanga cikin Satumba 2018, bai kuɓuta ba sai Oktoba 2020, a ƙasar Mali. Kamfanin labarai na Fides ya lissafa ma'aikatan Katolika 20 da aka kashe a duniya cikin 2023, da 13 cikin 2024. Fada kansa kaɗai yake jefawa cikin haɗari. Magidanci kuwa da matarsa da jaririnsa yake shiga, don haka tambayar da ke gaban masu tura su ita ce, wane wuri ne ya halatta a kai yaro?

Ruwa ya juya

Wani abin lura shi ne, hanyar ba ta ɗaya ba ce yanzu. Afirkar da aka roƙar wa aron limamai a 1957, ita ce yau ke ba da aro. Cikin 1977 aka buɗe makarantar ƙungiyar mishan ta Saint Paul a Iperu-Remo ta Jihar Ogun, kusa da Shagamu, bisa shawarar Kadinal Dominic Ekandem, kuma tun daga 1986 take tura limamai 'yan Nijeriya ƙasashen waje, har da Amurka da Turai. A Faransa, wadda aka daɗe ana cewa ta juya wa addini baya, an yi wa manya fiye da 10,000 baftisma a Istar 2025. A wannan shekara ce kuma Fafaroma Francis ya rasu ran Litinin ɗin Ista, 21 ga Afrilu, aka zaɓi Leo na 14 ran 8 ga Mayu, mutumin Chicago wanda ya yi shekaru yana aikin mishan a Peru har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar. Wanda ya ɗanɗani zaman baƙunci da kansa, ana sa ran ba zai ɗauki maganar iyalan nan da wasa ba.

Ma'aunin gaskiya

Cikar majami'a a daren Ista ba ita ce hujjar cin nasara ba, domin ranar biki kowa mai zuwa ne. Abin dubawa shi ne Lahadin da ke bayan Fentikos, sa'ad da baƙi suka koma, ko suka ƙaura zuwa wata ƙasa. In an bar katakis ɗan gari wanda zai iya tara jama'a ya koyar da su cikin harshensu, to, aiki ya yi. Fafaroma Francis ma ya gane haka, shi ya sa cikin Mayu 2021 ya ɗaukaka aikin katakis ya zama muƙami tabbatacce a Ikilisiya. In kuwa komai ya rataya ne a wuyan baƙo da kuɗin da ake aiko masa, ranar da ya naɗe tabarmarsa sai wurin ya koma yadda yake. Baƙo raɓa ne, kuma sai da ɗan gari akan ci gari. Saura a zuba ido a ga ko ƙungiyoyin nan za su fi ba da ƙarfi wajen horad da 'yan gida, da kuma kula da makomar yaran da suke ɗauka su ƙetare teku da su.