Ado Ko Sauƙi: Wane Ne Ke Biyan Kuɗin Ƙawata Shafin Labarai?

Sanin kowa ne cewa Abuja ta zama matattarar gidajen jaridu. A nan ne kamfanin Media Trust yake buga Daily Trust da Aminiya, a nan marigayi Sam Nda-Isaiah ya kafa Leadership cikin shekarar 2004, a nan kuma aka buɗe Premium Times cikin 2011, wadda tun farkonta a intanet take fita. Dukansu suna da shafin Hausa wanda kowa ke iya buɗewa ba tare da ya biya ko kwabo ba. To, amma ma'aikata ba iska suke ci ba. Abin da ke riƙe da irin waɗannan shafuna shi ne talla, watau kuɗin da ake samu gwargwadon yawan idanun da suka ga tallar ko yatsun da suka danna ta.

Daga nan ne gardama take tashi tsakanin masu tsara shafi. Wasu suna ganin lalle a cika shi da ado: manyan hotuna masu juyawa da kansu, bidiyon da ke fara magana ba a tambaye shi ba, da talla sama da ƙasa da tsakiya. Hujjarsu ita ce, ido shi ke fara cin abinci, kuma mai talla ba ya sa kuɗinsa inda ya ga alamar tsiya. Wasu kuwa suna cewa a bar shafi fili, rubutu baƙi a kan fari, hoto ɗaya, talla biyu ko uku, shi ke nan.

Masu son ado suna da gaskiyarsu, amma akwai abin da suke mantawa. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, mai karatu kwabonsa ɗaya yake bayarwa ya karɓi jarida, duk abin da aka ƙara mata na hoto ko zane, mabuga ne ke ɗaukar nauyinsa. A intanet kuwa al'amarin ya juya. Kowane hoto, kowane bidiyo, har ita tallar kanta, da datar mai karatu ake sauko da su cikin wayarsa. Watau mutum yana biyan kuɗi domin a yi masa tallar abin da bai nema ba.

Lissafin ba wuya. Idan shafi ya kai nauyin megabait 3, to gigabait guda zai buɗe shi wajen sau 330 ne kawai. Idan kuwa aka rage shi ya koma kilobait 300, wannan gigabait ɗin zai buɗe shi fiye da sau 3,000. Labarin bai canja ba, kalmominsa ma ba su kai kilobait 20 ba. Sauran duk kayan ado ne da na talla. Ga shi kuma cikin watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda hedkwatarta ke Maitama, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Tela a Suleja ko malamin firamare a Abaji, wanda ke sayen data ta kwana guda, ba ya bukatar a gaya masa wane shafi ne ke shanye masa kuɗi. Sau ɗaya zai gwada, ya gane, ya daina zuwa.

Babban abin da ke jawo wannan kuskure shi ne wurin da ake yin aikin. Mai tsara shafi yana zaune ofis a Wuse ko Utako, gabansa babbar kwamfuta, intanet kuwa kamar ruwan famfo. Komai ya ɗora zai buɗe nan take. Alhali mai karatun da ake yi dominsa yana riƙe da ƙaramar waya wadda ƙwaƙwalwarta ta cika, a garin da sabis ke zuwa yana komawa. Ba banza ba ne manhajar Opera Mini, wadda aikinta matse shafi kafin ya iso waya, ta sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya, haka kuma ba banza Facebook ya fito da Facebook Lite cikin 2015 ba.

Ko ta fuskar riba ma, nauyi hasara ne. Wani bincike da kamfanin Google ya bayyana cikin 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi ta waya sukan juya baya idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Wanda ya tafi kafin shafi ya buɗe kuwa bai ga talla ba, saboda haka ba a sami ko sisi daga gare shi ba. Bugu da ƙari, tun watan Yuli na 2018 Google ya sa saurin buɗewa cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera shafuna ga masu bincike ta waya, cikin wannan shekarar kuma manhajar Chrome ta fara toshe tallace-tallace a shafunan da suka cika damun mutane da su. A Amurka ma, inda data ba ta ƙaranci, gidan talabijin na CNN ya buɗe shafi na rubutu zalla cikin 2017, lokacin guguwar Irma, domin waɗanda sabis ya yi musu rauni.

Har ila yau akwai wata matsala wadda ta shafi rubutun Hausa. Da yawa daga cikin haruffan ado da ake arowa daga Turai ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai mai karatu ya ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko ya ga harafi mai lanƙwasa ya fita dabam kamar baƙo a gidan biki. Idan edita ya gaji, sai ya watsar da lanƙwasar gaba ɗaya, daga nan kuwa ba mai rarrabe ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, sai da kintace. Wannan ba ƙaramin farashi ba ne a kan kwalliya.

Amma fa sauƙi ba shi ne tsiraici ba. Shafin da aka zuba labarai kamar an juye buhun gyaɗa, ba kwanan wata, ba sunan marubuci, shi ma korar mutane yake yi. Abin da ake bukata shi ne kanun labari ya fito fili, rubutu ya karantu ba sai an matse ido ba, talla kuma ta zauna wuri guda da aka tanadar mata tun farko, kada ta faɗo bayan mutum ya fara karatu ta ture masa layi. Kāna a rubuta a kanta cewa talla ce, domin mai maganin basir da mai cacar ƙwallo kada su shiga rigar wakilin jarida.

Gwajin kuwa mai arha ne. Kafin edita ya amince da sabon tsari, sai ya karɓi waya mafi rauni da ke ofishin, ya kashe wayifai, ya sa data ta ɗari biyu, ya hau mota zuwa Kwali ko Kuje, ya buɗe shafin nasa a can ya ƙirga daƙiƙoƙin da zai jira.