Wanda Ya Yi Kukan Asamaka, Ya Leƙa Bangi



Duk ranar da Aljeriya ta kwaso mutane ta zube a bakin iyakarmu, shafukan nan namu sai su kama da wuta. Hoto na bin hoto: mata da goyo cikin rairayi, samari ba takalmi, leɓe ya tsage don ƙishirwa. Mu yi ta rubutu, mu yi ta Allah wadai. Ni ma ina cikin masu yi, kuma ban yi da-na-sani ba, don abin ya kai a yi kuka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda ke da mutanenta a Asamaka suna ƙirgawa, ta ce a shekarar 2024 kaɗai mutum fiye da dubu 30 aka koro zuwa Nijar. Ƴan ƙasarmu cikin ayarin manyan motoci ake kawo su, bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014. Sauran ƴan Afirka kuwa a wani fili da ake kira Point Zéro ake sauke su, su taka sahara wajen kilomita 15 da ƙafa kafin su hango garin.

To amma ina da tambaya, kuma kaina na fara yi wa ita. Nijar iyaka ɗaya gare ta?

Ni ɗan Urno ne, cikin gundumar Madawa. Garinmu ya ɗan ja baya daga iyakar Najeriya, amma ƙaramar hukumar Bangi, wadda muke gunduma ɗaya da ita, kan iyakar take zaune, tana kallon gabashin jihar Sakkwato. A can ma akwai mata da goyo da suka iso ba takalmi. Bambancin kawai, babu mai ɗaukar su hoto.

Bari in tuna muku yadda abin ya faro. A watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya suka tsinke layukan waya a Zamfara, suka rufe kasuwannin ƙauye, soja suka matsa wa ƴan bindiga. Ƴan bindigar suka kwararo gabashin Sakkwato: Isa, Sabon Birni, Goronyo. A watan Oktoba suka faɗa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. A farkon Disamba aka ƙone matafiya da ransu cikin mota a yankin Sabon Birni. Ƙauyuka suka koma biyan haraji ga ƴan daji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Hukumar HCR ta ce a watan Nuwamba na shekarar kaɗai mutum fiye da 11,500 suka tsallako Nijar, akasarinsu suka sauka a ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi, wadda dama ta riga ta karɓi wasu 3,500 tun daga Satumba. Mafi yawansu mata ne da yara.

Ku sake karanta wancan layin: a ƙauyuka suka sauka. Ba sansani ya tarbe su ba, babu tanti, babu mai farar riga da littafin rajista. Gidajen mutane suka shiga.

Ina da inna, ƙanwar mahaifiyata, da ke aure a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Da na je gaishe ta bayan kaka, na tarar zauren gidan an rataya masa tabarma a ƙofa, ya zama ɗaki. Wata mata ce a ciki da ƴaƴanta huɗu, daga wajen Sabon Birni. Mijinta bai tsallako tare da su ba, kuma ba a tambayar ta labarinsa gaban yara. Ni da wayona na birni na ja inna gefe na ce, Inna, wa ya ce ki ɗauke su? An rubuta ku? Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, “Wa za shi ce mini? Da la'asar sunka iso, ɗiyan ba su ci komi ba tun jiya. In tsaya jiran takarda?”

Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Ga abin da nake so mu gane. Babbar ƙungiyar agaji a kan iyakar nan ita ce rumbun talaka. Kafin motar HCR ta iso, kafin PAM ta sauke buhu ɗaya, matan Bangi sun riga sun ƙara ruwa a tukunya, sun raba fura gida biyu. Kuma rumbun nan ba cikakke ba ne tun asali. Duk wanda ya tashi a Adar ko Gobir Tudu ya san lissafin: damin hatsi kaza za shi kai gida zuwa watan kaza, daga nan sai abin da ɗan cin rani ya aiko. In baki goma ke ci, suka zama goma sha biyar, rumbun da aka yi zaton zai kai faɗuwar ruwa sai ya ƙare tun ana tsakiyar bazara. Rijiyar da ake layi na awa ɗaya ta koma ta rabin yini. Icen girki ya yi nisa, kuma nisan nan ga yarinya budurwa a bakin iyaka ba wasa ba ne. Likitar ƙauye da ke da ma'aikaci ɗaya ta cika ta batse. Ba banza ba ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar yara masu tamowa a Madawa, kuma kowa ya san lokacin da gadajen ke cika: damina, sa'ar da yunwa da zazzaɓin sauro ke haɗuwa kan yaro ɗaya.

To in rumbu ya ƙare da wuri, mi ke faruwa? Saurayin gidan ya ɗaure ƴar jakarsa tun kafin lokaci. Da can Najeriya ce kusa, yanzu hanyar Sabon Birni ta zama abin da ta zama. Sai ya kama arewa: Tawa, Agadas, Arlit, Tamanrasset, ko ya karkata Libiya. Bayan wata shida ko shekara, ga shi cikin ayarin da aka sauke a Asamaka, mu kuma a Yamai mu ɗora hotonsa mu rubuta “ɗan uwanmu”. Ba na ce kowane korarre daga gidan da ya sauki baƙi ya fito ba. Amma igiyar ɗaya ce, mu ne muke kallon bakinta ɗaya kawai.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, don na sha jin sa a fada wajen shan shayi. Za a ce cikin baƙin nan akwai masu kai wa ƴan bindiga rahoto. Za a ce tun da suka zo satar shanu da satar mutane suka ƙaru a ɓangarenmu. Ba zan ce tsoron nan ƙarya ba ne. Ƴan bindiga na tsallakowa ƙauyukanmu, an ɗauki mutane, an biya kuɗin fansa, akwai gidajen da har yanzu ba su farfaɗo ba. Kuma mai kai rahoto yana iya ɓuya cikin kowane taro. Sai dai ku tambayi duk wanda ya san yankin: ɗan rahoto ba shi da ƙasa. Akwai na can, akwai na nan, wani ma ɗan gari ne da aka yi kaciya tare da shi. Maganin ɓata-gari shi ne a san kowa, a yi rajista, mai gari ya san wanda ya kwana a garinsa, jandarma su yi bincike kan mutum da laifinsa. In aka ce duk wanda ya tsallako abin zargi ne, wa zai fito a rubuta shi? Sai kowa ya ɓoye, kuma cikin ɓoyon nan ne mugu ke samun inuwa. Matar da ke zauren innata, wadda aka ƙone wa rumbu, ta fi ni da ku sanin fuskar ƴan bindiga, ta kuma fi mu ƙin su.

Ni abin da ke ba ni mamaki ma shi ne kalmar “baƙi”. Baƙin wa? Sarkin Madawa Bagobiri ne, na Sabon Birni Bagobiri, na Tsibiri Bagobiri. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808 Gobirawa ke watsuwa suna sake kafa garuruwa, wasu kudu wasu arewa, tun Faransa da Ingila ba su zauna a farkon ƙarni na 20 sun ja layi tsakanin wa da ƙane ba. Zanen fuska ɗaya, kasuwa ɗaya, aure ɗaya. Mu kuwa mutanen jihar Tawa, in ana maganar zaman ƙasar wani, ya kamata mu yi magana a hankali. Kakanninmu na cikin waɗanda Gana ta kora a 1969. Iyayenmu na cikin waɗanda gwamnatin Shagari ta kora daga Najeriya a 1983. A 2011 yayyenmu suka dawo daga Libiya da Kodebuwa hannu rabbana. Akwai gida nawa a Buza, Keita ko Tamaske da ba kuɗin Abijan ko na Libiya ya yi masa rufin kwano ba?

Doka ma tana gefensu, ba alfarma muke yi ba. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta ce wanda rikici ya raba da ƙasarsa ɗan gudun hijira ne, ba sai ya nuna shi kaɗai aka nufa ba, kuma ba a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Nijar ta sa hannu, tana kuma da dokarta ta ƴan gudun hijira tun 1997. A nan ƙasarmu ta yi abin a yaba: ba ta rufe ƙofa ba. A jihar Maradi, inda kwararar ta fara tun 2019, an janye mutane daga bakin iyaka zuwa Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, aka zaunar da su kusa da ƴan gari maimakon killace su cikin waya, don famfo da aji da likita su amfani kowa. Dabara ce mai kyau.

Matsalar, duk wannan da kuɗin waje aka gina shi, kuma kuɗin wajen na janyewa. Tun watan Janairu na 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da agajin Amurka, ta kuma rushe hukumar USAID, HCR da PAM ke rage ma'aikata da rabon abinci a ko'ina cikin duniya. A nan gida kuma hukumominmu sun janye wa ACTED da APBE izinin aiki a Nuwamba 2024, suka sallami CICR a Fabrairu 2025. Ba yau zan yi gardamar dalilansu ba. Abin da nake cewa shi ne, in mun ce ƙasa ta tsaya da ƙafarta, to tsayuwar ta haɗa da wannan kayan. Ba za a sallami mai ɗauka ba sannan a bar kayan kan tsohuwar da ke Bangi, a koma Yamai ana tafi. Ƴancin kai da ba ya cikin kasafin kuɗi, innata ce ke biyan sa da tiyar hatsinta.

Kuma mun taɓa ganin agajin da ya yi aiki a ƙasar nan tamu. Aikin Keita da aka fara a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, ana biyan mutane da abincin PAM: matan Adar ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare zaizayar ƙasa, suka mayar da faƙo gona. An ba su aiki da abin yi, ba layin karɓa kawai ba. Mutanen da suka tsallako Bangi manoma ne, makiyaya ne, akwai maƙera da masu saƙa. Shekaru sun shuɗe, Sabon Birni ba ta lafa ba, kowa ya san ba gobe za su koma ba. Mi zai hana a yi zama da sarakuna da masu gari kan aron gona na shekaru sanannu, da shaidu, don kada rigima ta tashi ranar da mai gona ya so abinsa? Mi zai hana duk rabon da za a yi, a ƙirga gidan da ya sauki mutane tare da waɗanda ya sauka?

Sai maganar yara, wadda ta fi ci mini rai. Yaran da aka haifa a zaurukan nan tun 2021 sun isa shiga lakwal ko sun kusa. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba, Najeriya ba ta san da shi ba, Nijar ba ta rubuta shi ba. Ranar jarrabawa za a tambaye shi takarda, ranar da ya girma a shingen jandarma za a tambaye shi. Alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman ba da takardun haihuwa ga waɗanda lokaci ya wuce musu. Wannan ba ya buƙatar dalar Amurka, yana buƙatar mai, da rajista, da wanda zai matsa a yi.

Matsawar nan ita ce aikinmu. Ƴan Madawa, Buza da Keita da ke karatu ko aiki a Yamai, Tawa da Maradi, kuna da yawa a shafin nan, na san ku. In kun je gida hutu, ku ware yini ɗaya. Ku shiga ofishin ƙaramar hukuma ku tambaya cikin ladabi: mutum nawa aka rubuta, yaushe aka yi rabon ƙarshe, an sa masu masauki a ciki, yara nawa ke da takarda? Ku zauna da mai gari, ku saurari matan. Kada ku ɗauki fuskar kowa hoto ba da yardarsa ba, kada ku rubuta sunan ƙauyen da mutum ya gudo, don waɗanda suka kore shi su ma suna da waya. Abin da kuka samo ku aiko, mu haɗa, mu kai gaban gwamnan Tawa da hukumar da ke kula da ƴan gudun hijira da sunan ƴan yankin.

Ni dai in Allah ya kai mu ƙarshen wata ina hanya. Inna ta aiko a ce mini babbar ƴar matar nan ta shiga aji, tana kuma neman littafi da alƙalami, in taho da su.