Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Matsalar Ma'auni a Binciken Tarbiyya da Walwalar Matasa

Da yawa daga nazarce-nazarcen da ake yi kan tarbiyya da walwalar matasa a ƙasar Hausa da ma'aunin aro ake gudanar da su. Akan ɗauko takardar tambayoyin da aka tsara a Amurka ko Ingila, a fassara ta, a shiga da ita unguwanni da ƙauyuka. Amsoshin su zama alƙaluma, alƙaluman kuma su zama madogarar manufofin hukuma. Idan tambaya ta karkace tun daga tushe, manufar da aka ɗora a kanta ba za ta miƙe ba.

Misali na kusa shi ne rabe-raben salon tarbiyya da Diana Baumrind ta fito da su a shekarun 1960, bayan nazarin iyalai a Kaliforniya. Ɗaya daga ginshiƙansu shi ne nuna wa yaro ƙauna a fili. A gidan Bahaushe kuwa akwai kunyar ɗan fari: uwa ba ta ambaton sunansa, ba ta yabonsa a bainar jama'a. Ma'aunin da bai san kunya da kara ba zai saka wannan uwa a sahun marasa kulawa.

Haka kuma takardar da ke tambayar uwa da uba kawai ta tsallake riƙo. Littafin Mary Smith na 1954 ya nuna Baba ta Karo, wadda ba ta haihu ba, tana riƙon 'ya'yan dangi. Har gobe akwai yaran da kaka ko goggo ko kawu ne ke ɗauke da tarbiyyarsu.

Kalmar "matashi" ma tana da tata rigimar. Manufar Matasa ta Nijeriya ta 2019 ta ƙayyade shekara 15 zuwa 29, Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 kuma 15 zuwa 35. A al'ada kuwa aure ne ke rufe samartaka da 'yanmatanci. 'Yar shekara 18 mai goyo matashiya ce a takarda, uwa ce a unguwa, kuma shirin da aka tsara don 'yanmata da wuya ya kai gare ta.

Wannan ba kariya ba ce ga duk abin da aka kira al'ada. Akwai riƙon da ya koma bauta, akwai tallan da ke raba yarinya da makaranta, akwai almajirancin da ya ƙare a bara. Sai dai wanda ya san riƙo na gari shi ne zai iya gane gurɓatacce. Littafin Hannah Hoechner na 2018 kan makarantun allo ya yi armashi ne saboda ta zauna da almajiran Kano ta saurari bakinsu.

A nan aikin manazarta Hausa yake. Sassan da ke Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai bai kamata su tsaya a matsayin tafinta ba, wanda ake kira bayan an gama tsara tambayoyi. Su ne suka fi cancantar fayyace abin da matasa ke nufi da kwanciyar hankali, rufin asiri, mutunci da ƙuncin rai, sannan a gina ma'auni a kan waɗannan kalmomi, tare da masana halayyar ɗan Adam da na kiwon lafiya. Matuƙar ba a yi haka ba, hukuma za ta ci gaba da kashe kuɗi wajen maganin ciwon da takarda ta nuna, ta bar wanda ke cin yaran.